Inda Akwatin Isa Za Shi, Za Ni

A'a, Maimunatu, ajiye min gyalena. Na ce ajiye. Ranar Asabar za ni Rayfield da yaran nan, ko kin ɓoye takalmana haka zan taka.

Wai me mutanen unguwarmu Rikkos za su ce, tsohuwa a wajen kiɗa. Waɗanne mutanen? Masu tsayawa bakin garejina kullum la'asar kamar inuwa suka zo sha, ƙafa na bin ganga a ƙarƙashin riga?

Ke kina Kaduna, ba ki san yadda aka yi ba. Zauna. Ɗanki Ashraf da jitarsa, da Fibi mai waƙa, da Livinus mai ganga, shekara guda suna buga kiɗan rok ɗinsu a garejin nan, ko akuya ba ta waiwayo ba. Ƙara kamar ana sauke kwanon rufi daga mota. Wai sunansu 'Yan Kuza. Na ce kuzar ko a hoto kun taɓa gani?

Rannan Ashraf ya shigo ɗakina satar ƙuli-ƙuli, ya ɗaga ƙyallen da kwanukana ke kai, sai ihu.

"Amarya, wannan ai amfilifaya ce!"

Na ce, "Maigida, tebur ne. Shekara talatin tebur ne."

Akwatin sautin ubanki ne, Isa, Allah ya ji ƙansa, tun yana kaɗa jita a kulob ɗin ma'aikatan kuza. Suka kinkima zuwa gareji, suka jona wuta, Ashraf ya doki jita nan take. Shiru. Ya kashe, ya kunna, ya doka. Shiru. Kwana uku suna haka, Livinus na ta danna waya yana cewa akwatin ya mutu. Ina zaune ina tsince wake, ina kallonsu. Ai ba wanda ya tambaye ni.

Rana ta huɗu Fibi, ita ce mai hankalin cikinsu, ta zo da gwaten acca a kula, ta durƙusa. "Kaka, Baba Isa ya yake yi da shi?"

Sai da na cinye gwaten tukuna. Na ce tsoho ne a sanyin Jos, ku kuwa kuna tashinsa kamar ɗan makaranta. A kunna a ƙyale shi, har ƙananan kwalaben da ke bayansa su yi ja kamar garwashi, kwatankwacin tafasar ruwan shayi. A sa kwalin ashana a ƙafar hagu, in ba haka ba yana gunaguni. In an gama kuma, ba a motsa shi sai ya huce.

Aka yi haka. Ashraf ya taɓa jita sau ɗaya. Maimunatu, muryar nan mai kauri, mai ɗan dishewa, ita ce dai. Na ce musu na bar abu a wuta, na shige ciki. Ban ɗora komai ba ranar.

Daga nan fa aka soma jin su. Rediyo, waya, ko'ina, wai sautin da ne ya dawo. Tsofaffi na kawo jikoki, jikoki na kawo tsofaffi. Livinus har ya aro tsohon zanena ya cusa a babbar ganga, wai ta fi taushi. Bai dawo da shi ba.

Watan jiya suka je wani biki a unguwar Abattoir ba ni. Ana gamawa, mai keke napep na danna ham, suka suri akwatin da zafinsa. Kwalba ɗaya ta tsage. Sati uku suna yawo kafin su samu irinta wurin wani tsohon mai gyaran rediyo a Bukuru, ya ce ita ce ta ƙarshe, kada su dawo.

Asabar ɗin nan kuwa akwai masu zuwa daga Legas musamman don su ji su. Ɗanki in hankalinsa ya tashi, ko sunansa mantawa yake. Livinus da bakinsa ya ce, "Mama, in kai ba ka je ba, ni ba na buga." Fibi ta tanadar min kujera a bayan akwatin, ba mai ganina. Carbina a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana jin zafin kwalabe. Ƙarfe huɗu za a fara, kafin magariba muna gida. Rawa ce ba zan yi ba, gwiwa ta riga ki hana ni.

Har yanzu a'a? Abin kunya ne?

To shi ke nan, na fasa, ke ce mai ilimi. Amma akwatin nawa ne, inda ban je ba ba ya zuwa. Ga Ashraf can a gareji yana goge jita tun safe. Tashi ki gaya masa da bakinki, ni ina nan zaune.