Muryar Hannun Dama

Injiniya ya daɗe da rufe ɗakin ɗaukar murya, amma bai taɓa barin ƙura ta kwana a kan na'urorinsa ba. Yana goge lasifika da safe sai ga Auta, 'yarsa, ta shigo da waya a hannu, ko zama ba ta yi ba.

"Baba, fayil ɗin nan da ka turo mini, kai kaɗai kake ta surutu. Ina Mama?"

Ya san wanda take nufi. Shekara talatin da suka wuce, tana makarantar kwana, shi da mahaifiyarta suka yi mata wasiƙa a kaset. Ya kafa makirufo biyu, nasa a hagu, nata a dama, kamar yadda yake yi wa mawaƙa. Daga baya ya kwafe kaset ɗin a kwamfuta, danshi kuma ya cinye na asalin. Yanzu shekara shida ke nan da rasuwar matar, ga shi Auta tana son 'yarta ta ji muryar kakar da ba ta sani ba.

Ya buɗe manhajar sauti a kwamfuta ya jawo fayil ɗin. Layin sauti ɗaya ya fito a allo, ba biyu ba.

"Zauna tukuna," ya ce. "Sautin sitiriyo hanya biyu ne, hagu da dama. Manhajojin yanzu suna haɗa su a fayil guda. Tsohuwar manhajata kuwa raba su take yi fayil biyu: suna ɗaya, girma ɗaya, harafin ƙarshe ne kawai ya bambanta. Na hagu na tura miki. Bari in ɗauko ɗan'uwansa."

Ya duba, ya sake dubawa. Babu. Da ya waiwayo sai ya ga ta dafe baki.

"Baba, bara da ka ce kwamfutar ta cika, ni na share maka ita. Duk wanda na gani biyu-biyu na goge ɗaya. Wallahi na ɗauka maimaici ne."

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Sannan ya ce, "Ni ne ban taɓa zaunar da ke na nuna miki ba. Share hawayenki, kada ki jiƙa mini na'ura."

Ya kunna abin da ya rage. Muryarsa ta fito, ta mutum mai ƙarfi a jika: "Ki dage da karatu, ki rage rikici. Ko ba haka ba, Maman Auta?" Sai shiru. Dogon shiru, daidai tsawon amsar da aka ba shi. Can ya sake magana, aka sake shiru.

Injiniya ya zuba wa allon ido. A wuraren shirun layin ya miƙe sumul, amma nan da can akwai 'yan tudu ƙanana kamar ƙwayar yashi. Sai ya tuna faɗan da suka yi ranar. Matar nan ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Da dariya ta kama ta sai ta bar makirufonta ta faɗo kafaɗarsa. Sau nawa ya tsayar da kaset yana cewa ta koma wurinta, tana ɓata masa aiki?

Ya zaɓi tudu ɗaya, ya ɗaga ƙarfinsa, ya rage shuuu ɗin kaset a hankali, ya raba sautin ga lasifika biyu. Ya danna.

Dariya ta cika ɗakin, irin mai ƙarewa da tari. A bayanta murya ta ce, "Ji shi! Kai da ka faɗi jarrabawar lissafi sau biyu!" Sai tasa muryar, a fusace: "Don Allah koma wurinki!"

Auta tana kuka tana dariya. "Baba, sau biyu?"

"Sau ɗaya ne. Ƙari ta yi."

Suka bi layin tudu bayan tudu har azahar. Sha ɗaya suka samu. Nasihar da ta yi a natse, gaban makirufonta, ta tafi. Abin da ta faɗa a kafaɗarsa ne ya saura.

Ya adana aikin a fayil guda, hagu da dama a haɗe, ya miƙa mata linzamin kwamfutar.

"Matso. Wannan karon ke za ki kwafe shi a wayarki, ina kallo."