Jirgin Sawakin

"Tura ƙyauren," in ji Malam Ladan. "Sa sakata."

Ukasha tela ya sa sakatar, ya dawo ya tsuguna a gefen katifa, riƙe da farin ƙyallen da ya gama kalmashe wa baki jiya. Hantsi ne kawai, amma kwanon ɗakin ya fara ƙara don zafi. Kwana tara ke nan da aka sallamo Malam Ladan daga asibiti a Kano, irin sallamar da likita ke yi idonsa na kan takarda. Ƙoda ta ajiye aiki, ƙafafu sun kumbura, sauran jikin kuwa ya zube har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin singileti.

A kan katakan da ya kafa a bango, jiragen ruwa shida ne a jere, kowanne bai wuce kamu biyu ba. Na bakwai yana kan tebur. Shekara talatin Malam Ladan ya yi yana koyar da kafinta a makarantar koyon sana'a, a can ya tsinci wani tsohon littafi mai zanen jiragen da, masu tafiya da iska. Da ya yi ritaya ya dawo Tudun Wada, sai ya zauna yana sassaƙa su da katakon maɗaci, inci ɗaya a madadin ƙafa huɗu, ko ƙofar ɗakin girkin jirgi sai ya auna ta. Bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya sani shi ne na Tiga, shi ma daga bakin gaɓa, don bai iya iyo ba. Mutanen unguwa ba su rage shi da komai ba wajen ladabi. Duk wanda ya biyo ta zauren sai ya yi sallama, ya tambayi iyali, sannan ya tambaya ko an sa ranar da ruwa zai cinye garin, don ya kama wa nasa iyalin wuri.

Ukasha, wanda shagonsa ke jingine da katangar gidan, shi ke ɗinka filafilai, wato ƙyallayen da iska ke bugawa ta tura jirgi. Shekara tara yana yi. Malam yakan kawo masa ƙyallen a yanke da layin fensir a jiki, shi kuma ya bi da allurarsa mafi siranta, yana mitar cewa ɗinka wa 'yar tsana ɗankwali ya fi wannan mutunci. Bai taɓa ƙin karɓa ba.

Jirgin da ke kan tebur babu shi a littafin. Kakan Malam ya je Makka a ƙasa, shekara bakwai yana tafiya, ya ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda a wani jirgin katako mai jigo ɗaya, wato dogon sandan tsakiya, da babban filafili mai kusurwa uku. Daga bakin tsohon Malam ya ɗauko siffarsa tun yana yaro. Filafilin nan ne a hannun Ukasha, shi kaɗai ya rage.

Malam ya sa ya ɗaura shi, yana ba da umarni daga kwance: a ɗaga, a'a, a sassauta, wannan jirgi ne ba rumfar mai shayi ba. Da ya tsaya yadda yake so, sai ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tambayi Ukasha ko ya san yadin nan.

Ukasha ya ce ina zai rasa saninsa, yadi mai laushi babu sitati, ai ya sha tambayar inda ake sayar da shi ana ce masa wani aboki ne ke aikowa.

"Na akwatin Hajiya ne."

Sai da maganar ta ɗan zaga ɗakin kafin ta shiga kan Ukasha. Babu wanda bai san akwatin Hajiya Maijidda, matar Malam, ba a unguwar. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce kujerar hajji ɗaya ta samu a gidan, Malam ya ce ita ta tafi. Ta dawo da ƙunshi biyu na farin yadi, waɗanda ta tsoma a zamzam da hannunta ta shanya a ranar Makka, likkafaninta da na mijinta. Matan unguwa sun ji labarin har sun haddace shi. Duk lokacin da wata ta yi mata jaje a fakaice kan mijin da ke wasa da itace kamar ɗan yaye, amsarta ɗaya ce, cewa Malam bai je ba, amma abin da za a naɗe shi a ciki ya je.

Malam ya yi bayani a hankali, kamar mai koyar da ɗalibi marar ƙoƙari. Alawayyon kasuwa ya yi kauri, in an ɗaura shi a ƙaramin jirgi sai ya tsaya ƙiƙam kamar kwano. Wannan kuwa yakan kumbura kamar da gaske iska na cikinsa. Tafin hannu ɗaya ya fara yanka, daga nasa ƙunshin, kuma ya yi lissafi, zai isa har da saura. Jirgi na biyu ma ya yi lissafi. Shekaranjiya da Hajiya ta fita barka, ya ja jiki zuwa akwatin ya auna abin da ya rage. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu. Mutumin da bai taɓa kuskuren rabin inci a jikin jirgi ba, ya manta cewa shi dogo ne.

"Ka cire na shidan can ka mayar mata da kayanta a jikina," in ji shi. "Wannan na kan tebur ka bar shi. Kada kuma ta sani, Ukasha. Shekara arba'in ko allura ban taɓa ɗaukar mata ba, sai wannan."

Ukasha ya fara jero abin da ake jerowa, cewa Allah zai ba da lafiya, wanda ya fi shi jin jiki ma ya tashi. Malam ya ce masa ya tsaya a ɗinkinsa, likitocin ma sun gwada. Ya kama hannunsa, bai saki ba sai da ya ji alkawari.

Ukasha ya koma shago yana tsara yadda zai yi, jirgi ɗaya kullum, a ɓoye, cikin mako guda an gama. Bai ƙarasa wuyan kaftanin da ke kan kekensa ba ya ji salatin mata ta bayan katanga.

Saboda zafi, liman ya ce ana idar da azahar za a yi jana'iza. Aka ɗauke gawar zuwa ɗakin ciki don wanka, samari suka tafi haƙa, zaure ya fara cika. Humaira, 'yar mamacin, ta kawo wa Ukasha ƙunshin a ƙulle, ta ce Hajiya ta ce shi zai ɗinka, kada kowa ya taɓa. Ya karɓa da hannu biyu. Ƙunshin bai fi nauyin ɗankwali uku ba, amma yarinyar ba ta taɓa ɗaga likkafani ba balle ta san nauyinsa.

Ya ce ya manta almakashinsa a ɗakin Malam. Ya shiga, ya sa sakata a karo na biyu a ranar, ya bi jiragen ɗaya bayan ɗaya yana tsinke zaren da marigayin ya yi watanni yana ƙullawa. Filafili talatin da ɗaya. Ya cusa su a aljihu, ya ratsa masu zaman makoki yana amsa gaisuwa, aljihunsa a kumbure kamar wanda ya saci gyaɗa.

A shago ya rufe ƙofa, ya hura gawayin dutsen guga. Sai da ya warware kalmasar da shi da kansa ya yi a kowane ƙyalle, ya goge, sannan ya shimfiɗa su a ƙasa yana neman wanda zai zauna da wani: masu kusurwa huɗu, masu kusurwa uku, wasu ko tafin hannu ba su kai ba. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana kauda kai don kada ya sauka a kan yadin. Sau biyu zare ya tsinke. Allura ta shige masa ɗan yatsa, ya tura yatsan a baki da sauri, ya ci gaba da taka keken da hannu ɗaya a kan aikin.

Aka buga ƙofa. Habu mai wankan gawa ne, ya ce sun gama, shi ake jira. Ukasha ya ce saura kaɗan. Bayan ɗan lokaci Abdulmalik, ƙanen mamacin, ya zo da kansa.

"Tela, likkafani aka ce ka ɗinka ko babbar riga mai aska takwas?"

Ukasha ya ce yadin Makka ne, ba a yi masa gaggawa. Ya ji takun mutumin ya koma yana tsaki.

Da ya haɗa na ƙarshe, ya miƙe ya auna. Shekara ashirin yana ɗinka wa Malam kaftani, ya haddace tsawonsa. Ya sake aunawa, ya ja yadin har ɗinkin ya fara ƙara. Kamu ɗaya babu. Abin da almakashin Malam ya zubar a shekara tara, da abin da haɗin ya ci, ba su dawowa. Ƙafafun za su fito.

Akwai bandir na alawayyo a kan kanta. Ya jawo bakinsa ya kara da na Hajiya. Fari ne fat mai shuɗi-shuɗi, na Hajiya kuwa ya yi ruwan madara don daɗewa. Ko makaho ya shafa zai gane, balle matar da za a shigar wa da gawar ta yi bankwana da ita. Ya tura bandir ɗin gefe. A duk garin ƙyalle ɗaya ne ya rage na wannan yadi, kuma ya san tsawonsa, don jiya ya kalmashe shi. Kamu ɗaya ne da ɗan yatsa.

Mai kiran salla ya fara gyaran murya a lasifikar masallaci. Ukasha ya naɗe aikin ya saɓa a kafaɗa, ya koma ɗakin. Wannan karon ya manta da sakata. Ya tsaya gaban jirgin Sawakin da almakashi a buɗe. In ya yanke, ya karya alkawarin da ya ɗauka ɗazun nan a hannun mai mutuwa. In ya bari, za a ɗauko Malam Ladan a makara ƙafafunsa a waje, gaban mutanen da suka yi shekara da shekaru suna jiran abin dariya na ƙarshe. Ya kai almakashin jikin zaren, ya janye, ya sake kaiwa.

"Malam Ukasha."

Hajiya Maijidda ce a bakin ƙofa, cikin hijabi, idanunta sun yi ja amma a bushe. An gaya mata tela ya riƙe mutane, ta fito ta ji dalili. Ta dubi bango, inda jirage shida ke tsaye da jiguna tsirara. Ta dubi abin da ke kafaɗarsa. Ta miƙo hannu, ya ba ta, don babu abin da zai yi in ba hakan ba.

Ta warware shi a hankali. Ta bi layin ɗinkin da yatsa, daga wannan ƙyalle zuwa wancan, har ta tsaya a kan wani ɗan layin fensir da guga bai fitar ba. Ukasha ya ji ana tayar da iƙama. Ya so ta yi kuka, ko ta zage shi, ya san abin da zai yi da wannan.

"Tun yaushe?"

"Shekara tara, Hajiya. Wallahi sai yau na sani."

"Da ya tambaye ni da na hana shi," in ji ta. Sannan ta ƙara da cewa ai shi ya sa bai tambaya ba. Ta tambayi nawa ya rage, ya ce kamu ɗaya. Ta nuna jirgin da ke kan tebur da haɓa, ta ce wannan ne na kakan Malam? Ya ce shi ne. Ta ce Malam ne ya ce a bar masa shi? Ukasha ya sunkuyar da kai.

Ta ajiye yadin ta fita. Ya tabbata Abdulmalik za ta kira, ya fara shirya abin da zai faɗa. Sai ga ta ta dawo ita kaɗai da ɗayan ƙunshin. Ta kwance ƙullin da haƙori, ta ja bakin yadin, ta auna daga gwiwar hannunta zuwa yatsa, ta ƙara kaɗan, ta riƙe masa a miƙe.

Ya ce Hajiya, wannan ai naki ne, zai gaza miki.

"Ni gajera ce," in ji ta. "Yanka, mutane na jira."

Ya yanka.

Da aka kai likkafanin ɗakin ciki, Habu ya ɗaga shi ya ga haɗi ya fi talatin. Ya dubi Ukasha, Ukasha ya dubi bango. Habu ya ce lallai kayan Makka ɗinkinsu daban ne, ya yi bismilla. Yadin ya rufe Malam Ladan daga ka har tafin ƙafa, har aka sami abin ƙullewa. Sahu biyar aka yi. A hanyar maƙabarta kowa ya yarda cewa mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, masu tambayar ranar ambaliya su suka fi kowa faɗin haka.

Bayan la'asar hadari ya taso daga wajen Doguwa, masu zaman makoki suka fara naɗe tabarmi. A lokacin Ukasha ya tuna da gaske ya bar almakashinsa a ɗakin. Ya same shi a kan tebur, kusa da guntayen zare. An ɗauke katifar, an share wurin, wani kuma ya buɗe taga. Jirage shida na jere a bango, zarurruka na reto a jikinsu. Iskar hadarin ta shigo da ƙamshin ƙasa, ta sami filafilin jirgin Sawakin, ya kumbura, ya saki, ya sake kumbura. Ukasha ya sa almakashin a aljihu, ya jawo ƙyauren, ya bar tagar a buɗe.