Talata, Ƙarfe Goma

A ofishin nan kowa Injiniya yake ce masa, har Manaja, duk da bai taɓa riƙe sufana ba. Aikinsa kwamfuta ne. In kuwa akwai kalmar da ya tsana a duniya, to "jibi" ce.

Yana da dalilinsa. Mahaifinsa tela ne, shekara arba'in a kan keke ɗaya, a wani ɗan shago mai ƙofar langa-langa a jikin gidansu. Injiniya ya tashi yana jin Baba yana ce wa mutane, "Dawo jibi, saura hannu ɗaya," alhali yadin na nan cikin leda, ko almakashi bai gani ba. Ya ga mata suna tafa hannu a bakin shago. Ya ga wani malamin makaranta da ya yi sawu tara a kan wando ɗaya. Tun lokacin ya ƙudurta a ransa cewa shi kam mutumin rana da awa zai zama.

Saboda haka da Manaja ya yi ƙorafin cewa duk wanda ya tambaya aiki sai ya ce "ina kai," Injiniya ya naɗe hannun riga. Kwana uku ya yi yana rubuta layukan umarni, ya haɗa su da manhajar kalandar da ofis ke amfani da ita. Kana danna maɓalli sai akwati ya fito ya ce, "Wane aiki?" Ka rubuta. Sai na biyu ya ce, "Yaushe za a gama?" Nan fa ake yin ta. Akwatin ba ya karɓar "gobe," ba ya karɓar "nan kusa." Rana yake so, da wata, da shekara, da awa. In ranar ta wuce ba ka sa alamar gamawa ba, sai aikin ya koma ja wur a babban allon da ke kusa da tulun ruwan sha, ga sunanka a gefe, kowa ya zo shan ruwa ya karanta.

Ranar da aka kunna abin, mai kula da sito ya rubuta "in an samu hali," akwatin ya dawo masa da shi sau shida. Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki.

A makon ne Yaya ta kira shi. Ita ce babbar 'yar'uwarsa, tana aure a wani gari mai nisa, kuma ba ta iya kwana-kwana ba.

"Kai, ka san Baba ba ya iya zura zare a allura? Likitan unguwa ya ce ruwan idon ne ya hau. Ya ba shi takarda zuwa asibitin ido, ya ce kada a yi wasa, ganin da ya tafi ba ya dawowa. Kai ne a kusa, kai ne mai mota."

Ranar Asabar ya je. Tun rasuwar Inna, Baba shi kaɗai ne sai masu haya da ke miƙa masa abinci. Ya same shi a kan benci, ya kai allura har kusa da hanci yana lalube. Injiniya ya zaro waya da yanga, ya buɗe akwatinsa, ya rubuta yana karantawa da ƙarfi: "Kai Baba asibitin ido. Talata, ƙarfe goma."

"Ka gani, Baba? Ni ba jibi nake cewa ba. Ya shiga kalanda, magana ta ƙare."

Baba ya yi murmushi ya ce, "To, Allah Ya kai mu Talatar."

Ranar Litinin aka yi abin kunya. Ja na farko da ya fara bayyana a allon ofis, a tarihin allon gaba ɗaya, sunan Injiniya ne a gefensa. Wani rahoto ne ya manta. Mai kula da sito ya zo shan ruwa sau huɗu a awa ɗaya, kowane zuwa sai ya tsaya ya karanta a fili, yana girgiza kai kamar mai ta'aziyya. Abin ya ci wa Injiniya rai ƙwarai.

Kafin a tashi aiki ya ƙara layi huɗu a cikin umarnin, ba wanda ya sani. Abin da layukan suka ce ba shi da yawa: duk aikin da ke ƙarƙashin sunansa, in biyar saura minti biyar ta yi ba a gama ba, a ɗaga shi gaba da kwana bakwai. Ya gaya wa kansa na ɗan lokaci ne, kafin ayyuka su lafa.

Talata ta zo da taron gaggawa tun tara har ɗaya. Wannan uzuri ne na gaske, ba wanda zai ga laifinsa. Da yamma wayarsa ta ɗan yi motsi a aljihu, Baba ya koma Talata mai zuwa. Ta biyu kuma baƙi ne suka zo daga babban ofis. Ta uku mota tana gareji. Ta huɗu, wallahi ko shi ba zai iya gaya maka dalili ba. Da safe saƙon tuni zai fito, ya share shi da babban yatsa yana ɗaura takalmi, da niyyar in ya isa ofis ya nemi izini. In ya duba kalanda kuwa sai ya ga komai kore shar, ba abin da ya makara. Ga Baba can zaune lafiya lau a mako mai zuwa.

In Yaya ta kira ta ce, "Wai yaushe ne?" sai ya duba waya ya ce, "Sha huɗu ga wata, ƙarfe goma." Ita kuma sai hankalinta ya kwanta, don mai faɗar rana har da awa ai ba ka ce masa yana wasa ba. Kuma bai taɓa yi mata ƙarya ba, kullum abin da ke rubuce yake karantawa. Sau biyu ko uku ya leƙa Baba ranar Asabar, a tsaitsaye, mota a kunne. "Talatar nan fa, Baba." Baba ya ce Allah Ya kai mu.

A ƙarshen zango Manaja ya tara ma'aikata ya ce su yi koyi da Injiniya, mutum ɗaya tak da sau ɗaya kawai ya taɓa yin ja. Aka tafa masa. Sannan ya ja shi gefe ya ce ya lura wasu sun koyi wayo, suna ɗage ranakunsu da hannu kafin su yi ja. Yana son a ƙara gurbi da zai nuna sau nawa aka ɗage kowane aiki, a kama malalata.

Wannan ai ba wani aiki ba ne, kalandar tana ajiye tarihin komai. Washegari da safe cikin rabin awa ya gama, ya gwada a kwamfutarsa kafin ya tura wa allo. Jerin ya fito, mafi yawa a sama. Layin farko ya ce: Kai Baba asibitin ido, sau ashirin da uku.

Ya ƙirga da yatsu kamar bai yarda da abin da ya rubuta da hannunsa ba. Wata biyar da 'yan kai. Ya dubi kusurwar allo, ashe yau ma Talata ce, tara da rabi. Ko izini bai nema ba ya ɗauki makulli.

Bai kira ba, amma da ya tsaya a ƙofar gida sai ya tarar da Baba a kan benci cikin farar rigarsa ta fita, an goge ta, ga hula, ga takalmi sau ciki. Takardar likita ta leƙo daga aljihun gaba, ta yi laushi don ninkewa.

"Baba, wa ya gaya maka zan zo?"

Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryar, ya ɗan kauce kaɗan. "Ai ka ce Talata."

Matar mai haya tana shanya a tsakar gida. Ba ta ko dube shi ba ta ce, "Kowace Talata haka yake shiryawa tun takwas. In azahar ta yi ya cire ya ninke. Na ce a kira ka, ya ce kada wanda ya kuskura."

A asibiti likitar ta daɗe tana haska idon. Ta duba ranar da ke jikin takardar, ta dubi Injiniya ta saman tabarau. Ta ce na hagu ya riga ya tafi. Na dama za a ɗiga magani a riƙe ɗan abin da ya saura, amma zancen allura da zare kam a bar shi.

Sun daɗe a layin karɓar magani. A mota Injiniya ya zauna bai tayar da injin ba.

"Baba, me ya sa ba ka sa an kira ni ba?"

"Haba, ni da na shekara arba'in ina ce wa mutane su dawo jibi? Na san yadda mutum yake ji in an biyo shi har gida." Ya shafa gwiwarsa. "Sai dai ni, in zan faɗa, sai na ɗaga kai na dubi idon mai kaya. Da ciwo fa. Shi ya sa ban taɓa iya kai mutum sawu goma ba."

Wayar da ke kan kujera tsakaninsu ta yi motsi, allonta ya haska. Biyar saura minti biyar. A cikin gaggawa bai sa alamar gamawa ba.

Baba ya ji ƙarar, ya karkato da kai. "Na'urar taka ce? Karanta mini, ni ba na gani. Me ta ce?"

Injiniya ya dubi rubutun.

"Ta ce Talata mai zuwa, Baba. Ƙarfe goma."