Ɗigon Jan Fenti a Kan Noti

Motar ƙarama ce, fara a da, yanzu ta koma launin tsohon haƙori. Baba ya saye ta ne bayan ya ajiye tuƙin manyan motoci, kuma kowa a gidan ya san in aka cire Inna babu abin da yake ji da shi kamarta. Ita Inna cewa take ko ba a cire ta ba.

Babban ɗansa gyaran wayarin mota yake yi a wani gareji bayan kasuwa. Baba ba ya kiransa da komai sai Injiniya, rabi yabo, rabi tsiya. To, sai ga motar Baba ta zame wa Injiniya ƙarfen ƙafa. Tana cikin tafiya lafiya lau, sai fitilun gaban sitiyari su ƙifta, rediyo ya ɗauke, inji ya mutu murus. Wani lokaci a murɗa makulli ta tashi kamar ba ita ba, wani lokaci sai an tura.

Ya canza fulogi, ya wanke kafireta, ya saurari famfon mai, ya bi fiyus ɗaya bayan ɗaya da fitilar gwaji. Daga ƙarshe, wata rana a gida, ya bar injin yana aiki, ya riƙa kama wayoyi yana girgizawa. Yana taɓa baƙar wayar nan mai kauri da ke haɗa batir da jikin mota, inji ya shaƙe. Notin da ke riƙe da ita ne ya kwance. Ya kankare tsatsar wurin, ya ɗaure tam.

Ba a jima ba aka sake turo motar gareji, Baba na biye da ita yana sharce gumi.

"A tsakiyar mahaɗa fa, Injiniya! Wani mai tifa har da leƙo kai yana tambaya ko lasin nawa gado na ci. Ni da na fara tuƙi ubansa yana rarrafe!"

Notin ne dai. Injiniya ya sa masa washa, zoben ƙarfen da ke hana noti kwancewa, ya ɗaure har sifana ta yi ƙara, sannan ya ɗiga jan fenti, rabi a kan notin, rabi a jikin ƙarfen. Haka yake yi wa duk notin da bai yarda da shi ba. In girgizar hanya ce, ɗigon zai nuna.

Da motar ta dawo, jan ɗigon ya rabu biyu, kowane rabi yana kallon wani waje. Girgiza ba ta juya noti haka. Ga kuma sawun haƙoran filaya a gefensa, da wani giɓi inda haƙori ɗaya bai kama ba. Injiniya ya daɗe a duƙe cikin bonet. Ya san filayar. Tun yana yaro take zaune a aljihun keken ɗinkin Inna.

Ya sa aka tura motar gida, ya sami Inna a ɗaki tana ɗinki. Ya gaishe ta, ya jawo aljihun keken, ya ɗora filayar a kan yadin da ke gabanta. Ƙafarta ta tsaya a kan feda.

"Rufe ƙofar," in ji ta.

"Inna, a tsakiyar titi take mutuwa."

"Ni so nake ta mutu a ƙofar gida. Ita ce dai da taurin kai irin na mai ita. Rannan da kake ɗaurewa ina tsaye ina kallo, na ce ashe nan ranta yake."

"Amma me ya sa?"

"Babanku ba ya gani. Ranar da muka je dubiya, wata mata ce ta tsallaka da goyo, sai da na yi ihu ya taka burki. Wai jaka ya ɗauka iska ta kwaso. Jaka mai ƙafa biyu! Na yi masa maganar asibiti, ya yi kwanaki ba ya cin abincina." Ta tura masa filayar. "Kai ne mai ilimin abin. Ka kashe ta gaba ɗaya, ka ce ta gama yayi. In kuwa ka ce masa ni ce, ka san babanku."

Ya fito tsakar gida ya zauna a kan bokiti, motar na gabansa, bonet a buɗe. Ya juya maganar ta kowace fuska, ko'ina bango. In ya gyara, ya miƙa wa makaho makulli da hannunsa. In ya bar ta yadda Inna ta yi, wata rana tifar ba za ta tsaya zagi ba. Kashe ta kuwa abu ne mai sauƙi, waya ɗaya zai zare. Amma Baba ne ya kai shi koyon aiki, ya ce masa a gaban maigidansa: mai mota ba ya ganin cikin inji, idonka ne idonsa, kada ka taɓa cewa abu ya mutu alhali yana da rai. Gaskiyar kuma, in ya faɗe ta duka, a kan Inna za ta faɗo.

Baba ya fito yana jan takalmi. "Yaya, likita? Mara lafiyar za ta tashi, ko mu kira dangi?"

Injiniya ya miƙe. Abin da ya iya kenan, girgiza waya a ga inda wuta ke yankewa. Ya ɗora yatsa a kan wani noti can gefe, baƙi ƙirin, wanda fenti bai taɓa ba.

"Baba, ka ga jan ɗigon da na sa a nan?"

Baba ya sunkuyo, ya ƙanƙance ido. Rana tsaka ce, haske har cikin inji. Ya daɗe.

"Na gani mana. Ga shi nan ja wur."

Injiniya bai ɗaga kai ba. Hannun Baba yana kan ƙarfen motar, sai ya ga yana lalube a hankali, yana neman bakin bonet. Daga ɗaki keken ɗinki ya yi shiru.

Injiniya ya ɗauki sifana ya ɗaure ainihin notin da ya kwance, ya rufe bonet, ya zare makulli ya riƙe.

"Na ɗaure, amma ban yarda da ita ba tukuna. Irin wannan ciwo sai ana tafe ake kama shi. Ni zan riƙa jan ta, kai kana gefe kana saurara mini. Kunnenka ya fi nawa."

Baba ya dubi wajen da muryar take. "Wannan gwaji naka zai daɗe?"

"Zai ɗan ɗauki lokaci."

Tun daga ranar, kowace safiya kafin ya buɗe gareji sai ya biyo gida. Wasu masu motoci sun gaji da jira sun koma wajen maƙwabcinsa. Motar ba ta ƙara ko tari ba. Baba na zaune a gefe, hannunsa na motsi a kan gwiwa duk lokacin canza giya, yana faɗa a kan kowane rami. In sun iso ƙofar gida ba ya saurin fita.

"Har yanzu da saura ko, Injiniya?"

"Da saura, Baba."

Sai Baba ya gyaɗa kai, ya laluba marfin ƙofa, ya fita.