Hayaƙin da Ba a Gani

Direba yana cikin goge gilashin bas ɗinsa sai ga yayan matarsa da kawunta sun shigo, sallama ma da ƙyar.

"Mun zo tafiya da ita ne," in ji Yaya. "Duk wanda ya gan ta da safe sai ya ce idonta jawur. Me kake yi mata?"

Direba ya rantse har ya gaji. Rabon da ya ɗaga mata murya har ya manta. Gaskiya dai, rabon da ya yi mata doguwar magana ma ya manta. Tun da kamfani ya ba shi sabuwar bas mai shan man metanol, hirarsa duk ta koma kanta: ba ta baƙin hayaƙi, farar riga sai ta wuni fes.

Can wani tunani ya faɗo masa.

"Kawu, ku zo ku tsaya nan, daidai tagar kicin."

A nan yake ajiye motar kullum, bututun salansarta na kallon taga. Ya tayar da ita. Ba abin da ya fito wanda ido zai gani, sai wani ɗan wari mai yaji. Kafin inji ya ɗumama, Kawu na goge ido da hannun riga, Yaya kuwa, duk faɗan da ya zo da shi, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Kun gani ko? Makanike ya ce haka take yi in inji bai ɗau zafi ba. Motar ce, ba ni ba!"

Kawu ya yi dariya har da tari. Yaya ya ba da haƙuri, kunya kamar ya nutse. Matar tana tsaye a bakin ƙofa, amma ba wanda ya tambaye ta komai, tunda an riga an kama mai laifi.

Ranar a can ƙarshen layi motar ta kwana.

Washegari ya ɗumama ta a can, sai ya tuna ya bar hularsa a gida. Ya sami matarsa a kicin, taga a buɗe, iska lafiya lau, tana kuka a hankali irin na wadda ta saba.

Ya leƙa waje. Inda motar ke tsayawa fayau.

"Maman yara, me ya faru?"

Ta share ido da bakin zane, ta ci gaba da wanke kofuna.

"Hayaƙi ne," ta ce.