Numfashi a Cikin Faifai

Shekara arba'in ina ɗana wa tsuntsaye tarko a kurmin bayan garinmu, har na iya kukan kowanne da fito. Shi ya sa da wata malamar jami'a ta zo neman ɗan jagora, aka turo ta wurina.

Wani ɗan tsuntsu take nema mai jan maƙogwaro, wanda muke kira Mai-kiran-ruwa. A littafinsu an haɗa shi jinsi ɗaya da na ƙetaren kogi, wanda ya cika ko'ina.

"Baba," ta ce, "gashinsu ɗaya, waƙarsu ce daban. In na naɗi muryarsa, masana za su ware shi, su raɗa masa sunan kansa. Tsuntsu mai suna kuwa ba a sare masa gida."

"Wato shi ma sai da takarda," na ce.

Masu katako sun riga sun shafa wa bishiyoyi jan fenti, alamar sara. Kwana tara muna yawo da na'urar naɗar murya, sauro na cin rabonsa, ɗan banzan ya ƙi buɗe baki. Ranar da za ta koma na ce zan zagaya. Na laɓe bayan wata ƙatuwar bishiya, na yi fiton sau uku. Wanda ya yaudari tsuntsu da kansa, ina ga ƙarfe?

Ta rungume na'urar tana hawaye.

Bayan wata huɗu ta dawo. Ko tabarmar da matata ta shimfiɗa ba ta kalla ba. Ta kunna mini faifan. Tsakanin fito na biyu da na uku, ga numfashin tsoho mai shan taba.

"Sun yi watsi da binciken duka, Baba. An bar tsuntsun inda yake a littafi. Ni ma an karɓe aikin daga hannuna."

"Ai waƙarsa ce, 'yata. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Na sani," ta ce, ta naɗe wayar na'urarta ta fita.

Yanzu gadi nake a filin tara katako, inda kurmin yake a da. Jiya da hantsi Mai-kiran-ruwa ya sauka kan gungume, ya rera waƙar har sau bakwai. Na duba, daga ni sai direban babbar mota, yana barci.

Mace yake kira. Na iya amsar tata ma, amma na kama bakina.