Kwana Huɗu da Awa Biyar

Shekara ashirin da uku ke nan ana kirana Kwana Huɗu. Ba ni na zaɓi sunan ba, amma faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa.

A cibiyar nazarin taurari na samo shi. Mu huɗu ne masu kula da na'urar da ke auna hasken taurari, kowa da ranarsa. Aikin ba wuya: ka zuba mata ruwan sanyaya da safe, ka duba wayoyi, ka sa hannu a littafi. Ana nan sai awon wani tauraro ya fara nuna yana rangaji, ya matso ya ja baya, duk bayan kwana huɗu. Wata ɗaliba ta ce ko wata ƙatuwar duniya ce ke zagaya shi tana jan sa. Farfesa ya yi dariya har da cire tabarau. Ya ce duniya mai irin wannan girma nesa da tauraronta take zama, shekaru take yi kafin ta zagayo. Ruwa dai ba ya tsami banza, in ji shi, a duba waye ke aiki duk bayan kwana huɗu.

Kowannenmu mana. Amma rangajin ya fi ƙarfi a ranakuna, don haka ni aka ba takarda mai jan biro: sakaci.

Na je ofishinsa da lissafina. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin nan ba kwana huɗu cif yake yi ba, yana ƙara awa biyar. Ni kuwa ban taɓa makara ba." Bai ko ɗago ba. Aka mai da ni sito, ina ƙirga kwan fitila har na yi ritaya.

Ban bar zancen ba. Duk kwana huɗu da awa biyar sai na zana ɗan da'ira a kalandar falo, na rubuta lokacin. Mai ɗakina takan tsaya da tsintsiya ta ce, "Malam, ka bar wa Allah mana. Bangon ma ya gaji." Ko sau ɗaya ba ta ce ta yarda da ni ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Abin ya yi mini ciwo fiye da takardar Farfesa. Shekara shida ke nan da rasuwarta, yara kuma kowa ya kama gabansa. Daga ni sai agogo da kalanda.

Ranar Laraba da hantsi aka yi sallama. Wata mata ce mai furfura kaɗan a goshi, da jaka a kafaɗa.

"Baba, ba ka gane ni ba? Ni ce ɗalibar da aka yi wa dariya."

Yanzu Dakta ce. Ta zauna a kujerar marigayiya, ban hana ta ba. Ta ce sun sake auna tauraron da sabuwar na'ura. Duniya ce, curin iskar gas zalla, ta ninka tamu sau ɗaruruwa, ta maƙale kusa da tauraronta tana gasuwa. Shekararta kwana huɗu ce da awa biyar.

"Akwai wasu kusa da ita?" na tambaya.

"Irinsu ba su cika yin maƙwabta ba, Baba."

Na ce to, na san halin.

Na ɗauka in ranar nan ta zo zan yi tsalle. Sai na ji ni fayau. Farfesa ya rasu, abokan aikina biyu sun bi shi, na ukun ba ya gane ko 'ya'yansa. Wa zan kai wa labarin?

Dakta ta ga da'irorin da ke bango, ta tambaya ko akwai na baya. Na taka kujera na sauko da su daga saman kwaba, a nannaɗe, ƙura ta rufe su. Ta shimfiɗa su a tebur tana gwadawa da lissafin kwamfutarta, tana gyaɗa kai. Can ta tsaya.

"Baba, nan ba rubutunka ba ne."

Na ce nan ai ba za ta sami komai ba. Ƙarshen shekarar wannan kalandar wata biyu na yi a asibiti ban san inda kaina yake ba. Da na dawo an riga an rataye sabuwar kalanda, na ci gaba daga lissafina, ban sake buɗe tsohuwar ba.

Ta turo mini ita. Da'ira goma sha huɗu ne, da fensir, ƙanana, irin na mai tsoron ɓata takarda. Na san hannun. Mai ɗakina ce kawai ke rubuta bakwai kamar ƙugiya. A gefe ga lissafinta na ƙara awa biyar, ta goge ta sake, ta goge ta sake.

"Daidai ne?" na ce.

Dakta ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Ko ɗaya ba ta kuskure ba, Baba."